Muryar Saje Bawa

Akwai ranar da har yau in na tuna ta sai zama ya gagare ni, ranar da ni da Kofur Tanko muka ji mutuwa tafe muka yi tsalle muka tare ta. Ku da kuka shigo aikin haƙa a Makka bayan injuna sun zo, kun sha jin cewa ni Baba Ɗanlami na taɓa fitowa daga rami ba wando. Gaskiya ne. Amma masu ba ku labarin daga wandon suke farawa, a wandon kuma suke tsayawa. Bari in ɗauko muku shi daga tushe.

Shekarun bayan yaƙin Bama ne, kafin a soma faɗaɗa Harami. Ni da Tanko mun zo ta ƙasa, ta Sudan, muka haye teku, muka yi Hajji, sannan komawa ta gagara. Muka kama ɗaki ɗaya a unguwar Tandabawi. Aikin da muka samu shi ne haƙa magudana can ƙasa da Misfala, wajen hanyar Kudai. Ga wanda bai sani ba, Makka cikin kwari take, duwatsu sun kewaye ta. In aka yi ruwa a kan duwatsun, duk sai ya haɗu ya gangaro lokaci guda. Shi ake kira sailu. Magudanar tamu don a ba shi hanya ne.

Tsarin aikin ba wuya. Masu diga a gaba, masu shebur a bayansu, masu kwando suna fitar da ƙasa. A kan kowa akwai mu'allim, wato shugaban ma'aikata. Namu Mu'allim Bakur ne, haifaffen Makka, kakansa ne ya zo daga Sakkwato. Hausarsa rabi ce, sauran Larabci yake cikawa. Ranar da muka je neman aiki ya dube mu ya ce, "Ya ammi, kun taɓa riƙe diga?"

Na ce, "Mu'allim, mu ne muka haƙa kogi."

Ya ce, "Kogi Allah ke haƙawa."

Na ce, "To, ya bar ɗan guntu a Bama, mu muka ƙarasa."

Ya yi dariya ya ɗauke mu. Kuma ba ƙarya na yi ba, ko da yake na iya ta.

A yaƙin Bama ni da Tanko muna cikin sojan da ba bindiga ce aikinsu ba, kaya da haƙa ne. An kai mu wani wuri inda kogi ya yi babbar kwana, Japan kuma suka kafa manyan bindigogi a kan tudun da ke kallon kwanar. Duk jirgin ruwan da ya ɗauko abinci ko masu rauni sai ya bi ta gabansu. Sai manya suka ce a yanke hanya ta cikin gonakin shinkafa, daga wannan hannu na kogin zuwa wancan, jirage su riƙa bi ta bayan tudun. Su da fensir suka ja layin. Mu aka miƙa wa diga.

Ƙasar can ba irin tamu ba ce. Ka haƙa da safe, kafin la'asar gefen ya zubo ya cike rabin abin da ka yi. Sai mun sari gora mun kafa, mun saƙa ta kamar zana, sannan bango ya tsaya. Matsattsaku kuwa sun sha jinina har na fara tunanin in nemi a rubuta su cikin iyalina. Da mu da Yarbawa da Tibi da mutanen Barno, kowa da waƙarsa, amma waƙar ma ƙasa-ƙasa ake yi.

Babbar masifar ita ce jirgin sama. Farkon zuwansa mutane suka fito daga ramin suka watsu cikin fili, kowa yana neman bishiya. Waɗanda suka gudu su aka kwashe. Daga ranar sajenmu, Saje Bawa, ya kafa doka: da ka ji rugugi, ko kana sama ko kana ina, ka faɗa ramin, ka kifa fuska a ƙasa, hannu a ƙeya, kada ka ɗago sai ka ji muryarsa. Da sanda ya koya mana. Yakan buga ganga ta ƙarfe ba zato, wanda ya riga ya waiwaya kafin ya faɗa ya sha sanda. Har ta kai jiki yana yi kafin hankali ya iso.

Ni ban ga ƙarshen aikin ba. Zazzaɓi ya kwantar da ni ana saura kaɗan, aka kai ni asibiti can baya. Ni ne mutumin da ya haƙa hanyar ruwa bai taɓa ganin ruwa a cikinta ba. Tanko ya gani. Ya ce jirage sun bi ta ɗan lokaci, sannan yaƙi ya yi gaba aka bar ta. Iyakar abin da yake faɗa ke nan. In na tambaye shi sauran mutane sai ya tashi ya fita. Dama ba ya zama. A wurin shan shayi ma a tsaye yake sha, yana duban sama, alhali babu abin da ke wucewa sai shirwa.

Ranar da nake ba ku labari lokacin sanyi ne. Ramin ya fi tsayin mutum zurfi, tsani ɗaya ne a wajenmu. Mun yi Azahar, muna bakin ramin daga sama, ana zuba shayi. Inda muke rana ce tarwai. Can gabas dai akwai ɗan duhu a kan duwatsu tun hantsi, Mu'allim yana ta waiwayensa, ya kasa zama shi ma. Ni kuwa ina tsokanar wani mai kwando a kan gemunsa.

Sai muka ji rugugi. Ƙasa-ƙasa ya fara, kamar daga ƙarƙashin ƙafa, yana ƙaruwa.

Duk ɗan Makka ya san wannan ƙara tun yana goye. Kafin ka ce me, kowa ya zubar da shayi ya kama hawan dutse. Mu biyu kuwa, tsofaffin soja, masu haƙa kogi, muka yi tsalle muka faɗa cikin magudanar. Ban yi shawara da kowa ba. Ganin kaina kawai na yi a kife, hanci cikin ƙasa, hannu a ƙeya, ina jin daɗi na riga kowa.

Abin da ya dawo da ni Makka sanyi ne a kumatu. Na buɗe ido na ga ruwa ja yana rarrafowa, da kara da kashin awaki a kansa. Daga sama Mu'allim Bakur yana ta ƙwala kira, "Ya jama'a, sailu ne. Ku fito, ku fito."

Na miƙe. Tanko bai motsa ba. Na ce, "Kofur, ruwa ne, ba jirgi ba ne. Tashi." Na kama kafaɗarsa na ja, kamar na kama dutse. Mutum ne ƙato, ni kuwa kun gan ni, ko a lokacin iska mai ƙarfi tana shawara da ni. Ruwan ya rufe masa kunne, yana ɗaga baki kaɗan ya shaƙi iska ya mayar. Idonsa a buɗe yake, amma ba ni yake gani ba. Rugugin kuma ya cika kwarin, har ina jin duwatsu suna karo da juna.

Mu'allim ya jefo igiya ya ce, "Kai kama, bar shi, wallahi ba lokaci."

A soja ban iya harbi ba, ban iya fareti ba, karatun ma da kyar na haɗa baƙi. Abu ɗaya na ƙware a kai, kwaikwayon muryar manya, kuma ya sha jawo mini horo. Sai na tsaya a kan Tanko, na cika ƙirji, na shaƙe maƙogwaro yadda Saje Bawa yake yi, na ce, "Kofur Tanko. Ya wuce. Tashi tsaye, ɗauki digarka, fita."

Ya tashi kamar an ja shi da zare. Ya lalubi diga cikin ruwa, ya ɗauka, ya hau tsani ba gaggawa, ya fita ya ƙame. Ina sa ƙafa a tsanin, sai babban ruwan ya iso ya tafi da tsanin. Igiyar Mu'allim na cafka. Mutane suka ja ta sama, sailu ya ja ta ƙasa, aka raba ni: su suka sami mutum, shi ya sami wando. Haka aka fito da ni gaban jama'a, wani ya yafa mini buhu.

Aka yi dariya har da masu faɗuwa. Ban hana ba, ni ma na taya. Mu'allim ne kawai bai yi ba. Ya ce, "Ya ammi, mutum ya ji sailu ya shiga hanyarsa? Wane irin hankali ne wannan?"

Na ce, "Na soja ne, Mu'allim. Ba a ba mu shi don mu yi amfani da shi ba."

Aka tashi aiki, muka kama hanyar Tandabawi ta kan tudu, Tanko yana gaba da digarsa, ina baya da buhuna. Sai da muka yi nisa da mutane ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Ɗanlami, ka san inda Saje yake?"

Na ce, "Yana ƙauyensu mana, yana dukan jikoki."

Ya ce, "Yana bakin hanyar ruwan da muka haƙa a Bama. Ni na haƙa masa kabari." Ya ci gaba da cewa, "Shi ba ya faɗawa sai ya ga kowa ya kwanta. Bayan an tafi da kai jirgi ya zo, ya same shi a tsaye. Muna ciki a kife muna jira ya ce mu tashi. Har rana ta yi sanyi muna jira. Wani Bature ne ya zo yana jan mu ɗaya ɗaya." Ya gyara digar a kafaɗa. "Bai ce in tashi ba. Sai yau."

Na gyara buhuna na matso kusa da shi.

Ya ce, "Na gode. Amma kada ka sake yi mini muryarsa."

Ban sake ba, ko a bayan idonsa. Washegari muka koma muka tarar ramin ya cike da yashi, muka fara daga farko, wanda dama shi ne rabin aikin haƙa a ko'ina.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne wannan. Da na zama mu'allim daga baya, duk wanda ya zo neman aiki ba na tsayawa a kan ko ya iya diga. Nakan zaunar da shi in tambaye shi inda ya taɓa haƙa, da abin da ake tsoro a can, da inda ake gudu in ya zo. Domin ranar da ƙara ta tashi ba ni zai saurara ba, wanda ya fara koya masa zai bi, ko da mutumin ya daɗe a ƙasa. Ku ma ku riƙa tambaya tun kuna bakin rami, shayi yana hannu.