Telar da Ta Kwashe wa Ƙanin Mijinta Kasuwa

In ka ga tsohuwa a unguwar nan tana karɓar saƙon ɗanta ta kirifto, kuɗin nan na intanet, kada ka ce wayewa ce ta zo mana. Aikin Inna Tela ne, kuma ba don neman lada ta yi shi ba.

Tun tana budurwa take taka keken ɗinki. Waya ba ta dame ta ba, ko lamba sai an danna mata. 'Yarta da ke aiki a ƙasar waje takan aiko da kuɗi ta shagon ƙanin mijin Inna Tela, mai canji. Shi kuwa ɗabi'arsa ce ya bar kuɗin mutane su kwana a hannunsa, yana jiran farashi ya ɗaga, sannan ya yanki ladansa. Kowa ya sani, kowa ya haɗiye, don babu wata hanya.

Da aka kwantar da mijin Inna Tela, asibiti suka ce sai an biya za a yi aiki. 'Yar ta turo a ranar. Inna Tela ta je shagon da zare a jikin mayafinta.

"Matarmu, gaggawar me?" in ji shi, yana dariyar wasan ƙanin miji. "Ba su sauka ba tukuna."

Sun sauka, farashi yake jira. Kafin farashin ya yi masa daɗi an binne yayansa.

Ba ta zage shi ba. Da ta fita takaba, ta sa 'yarta ta koya mata kirifto ta waya, har ta iya buɗe asusu da karɓar kuɗi kafin shayi ya huce, ladan kuma bai kai na ɗinkin maɓalli ba. Daga nan duk matar da ta kawo ɗinki, sai ta auna kafaɗa ta ce, "Har yanzu wurinsa kike karɓa? Miƙo wayarki." Wadda ta ji tsoro, ta rage mata kuɗin ɗinki. Ta tsane shi, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba.

Shagonsa ya koma wurin hira, daga baya masu hirar ma suka watse. Dangi suka zo ba da baki, wai ta tuna da zumunci. Ta ce ita taimakon mata kawai take yi.

Wata safiya faccalarta, matar mai canjin, ta shigo da atamfar da ba ta bukatar ɗinki. Ta daɗe tana juya ta a cinya.

"Yaya, ɗana zai fara aiko mini. Ba na so ya bi ta hannun babansa."

Inna Tela ta ɗauke ƙafa daga keke, ta karɓi wayar, ta buɗe mata asusu a natse.

"Don Allah kada ya ji," in ji faccalar.

"Ke ba sai kin faɗa ba. Ni zan gaya masa da bakina."