Fuskar Da Na Goge

Kafin a kira ni ɗan kaso, mai tura waƙoƙi ne ni a kasuwar Tawa, da tebur da tsohuwar kwamfuta. Mutanen ƙauye na zuwa da ƙananan wayoyin da ba sa buɗe MP4, sai in matse musu fim ya koma 3GP. Matsewar nan zubarwa ce: na'ura na yar da abin da ido ba zai lura da shi ba. In ka matsa mata da yawa, fuska sai ta dagule kamar jiƙaƙƙen yumɓu.

Da leƙe na fara. In an ba ni katin memori, sai in kwashe hotunan mai shi ina dariya. Ba wanda ya kama ni, sai zuciyata ta bushe.

Ran nan wani dillalin dabbobi ya kawo mini bidiyon wani mutum mai farin rawani yana kora tumakin sata. Fuskar ta fito sarai, ƙanen dillalin ne.

Ya ce, “Matse min wanga har fuska ta ɓace, rawanin kaɗai nika so a gani. Ka sa sunan Ilu na Kalfu, ka goge na asali.”

Ilu makiyayi ne, suna rigima da dillalin kan rijiya. Na san ƙarya ce, amma na karɓi kuɗi na yi. Duk katin da ya zo hannuna ranar kasuwa sai da na zuba masa bidiyon.

Kasuwa ta zagayo, Ilu ya shigo kara, kasuwar dabbobi, da tunkiyarsa da farin rawani. Daga teburina na ji ana ihun ɓarawo. Da aka janye mutane daga kansa, idonsa na dama ya tafi.

Jandarmomi suka bi sawun bidiyon har wurina. Shugabansu ya ce, “Maido muna huskar.” Na zauna gaban kwamfuta ina gumi. Abin da aka zubar ba ya dawowa, na asalin kuma da hannuna na goge shi.

Da na fito kaso na je Kalfu na durƙusa. Ilu ya ce, “Na yahe maka. To wayoyin mutane fa?” Kunya ta kashe ni.

Samari, kada ku taɓa abin da aka ba ku amana, kuma kada ku tura abin da ba ku tabbatar ba. Ni na tuba, amma makon jiya a motar Bambeye wani fasinja ya miƙo mini wayarsa yana dariya, wai in ga ɓarawon Kalfu.