Baƙin Mai a Katakon Goggo

Da na dawo daga karatu, gidan Goggo na sauka, ƙanwar mahaifina. Ko jaka ban ajiye ba ta ja ni kicin, ta nuna mini katakon da take yanka a kai.

"Kome na gidan nan naka ne," in ji ta, "ban da wannan."

Tun tana budurwa Goggo take girki a kicin ɗin wani asibiti, har gwiwoyinta suka gaza. Katakon nata ne na kanta, da shi ta shiga aikin, da shi ta fito. Yana da kauri, ya yi duhu, tsakiyarsa ta yi kwarmi saboda cin wuƙa. Fuska ɗaya ta nama ce, ɗayar ta albasa da ganye, ba ta taɓa haɗa su ba.

Nakan tsaya a bakin ƙofa in kalli yadda take wanke shi. Ta kankare da bayan wuƙa, ta barbaɗa gishiri, ta dirje da rabin lemun tsami, ta ɗauraye da sauri kamar ana korarta. Sai ta share da tsumma, ta jingine shi a tsaye a zaure, inda iska ke bi amma rana ba ta kaiwa. In ya fara yin fari, ta shafa masa man girki da tafin hannu. Na tambaye ta me zai hana ta jiƙa shi a baho ta huta.

"Ruwa ya kwana a jikinsa? Ya banƙare ke nan, daga nan sai tsagewa."

Mijinta bakanike ne, garejinsa a ƙofar gida yake. Mu Baba muke ce masa, shi kuma Kuku yake kiranta don tsokana. Wata safiya bayan an yi ruwan sama na raka ta ganin likitan gwiwa. Da muka dawo, Baba yana kwance ƙarƙashin wata mota yana juye mata mai. Goggo ta tsaya cak.

"Malam, mene ne wancan a ƙarƙashin jak?"

"Katako ne mana. Ƙasa ta yi laushi, jak ɗin nutsewa yake yi."

"Katakon wa?"

Ya leƙo da kai. Robar da ya tara wa man ta riga ta cika ta tumbatsa, baƙin mai ya kwanta a kwarmin katakon.

"Haba Kuku, aro na yi. Ke da kullum kike shafa masa mai, yau na hutar da ke."

Mai motar, da ke tsaye a gefe, ya fashe da dariya. Goggo ta juya kansa.

"Dariya kake yi, ɗan nan? In uwarka ta taɓa kwanciya asibiti, a kan wannan aka yanka abin da ta ci ta tashi." Ta koma kan Baba. "Duk tarkacen da ka cika mana ƙofar gida da shi, ba ka ga guntun bulo ba? Sai abina? Da ni na ɗauki sifanarka na dama miya da ita, unguwar nan ba za ta ɗauke mu ba!"

Tana tsaye a kan gwiwoyin nan har aka sauke motar.

Ta dirje shi da gishiri, da toka, da sabulun da ba ta taɓa bari ya kusance shi ba, har yatsunta suka yi ja. Man ya riga ya bi sawun wuƙa ya shige ciki. Na kai wa kafinta ya fere shi. Ya dawo fari tas, shafaffe, kwarmin ya tafi. Goggo ta shafa shi ta ce ita ba ta san wannan ba. Duk da haka ta yanka tumatir a kai, ta miƙo mini yanki ɗaya.

"Faɗi gaskiya."

Gareji na ji a bakina, haka kuma na faɗa mata.

Ta ɗauki katakon ta fita, ta jefa shi a gaban Baba. "Ga shi nan, ka samu. Ka hau kansa da tirela in ka ga dama."

Tun daga ranar Goggo ba ta sake yanka wa Baba kome ba. Albasa guda take jefa masa a miya, tattasai da hancinsa, nama kuwa dunƙule ɗaya kamar dutse, ga shi haƙoransa saura kaɗan. Ya sayo sabon katako, yana nan bayan ƙofa cikin ledarsa. Ya turo yayarsa ta ba da haƙuri, Goggo ta ba ta ruwa ta sha, ta raka ta har titi.

Jiya ma na same shi a zaure da kwano a cinya, yana fama da naman da 'yar wuƙar yankan waya.

"Kuku," ya ɗaga murya, "wai har yaushe?"

"Ci a hankali, Malam," in ji ta daga kicin. "Ban fara hucewa ba."