Kujerar Wankan Jikokina

Assalamu alaikum. Masu raɗe-raɗin ko tsohuwar nan ta Tudun Fulani ta riga mu gidan gaskiya, ku adana ta'aziyyarku, ga ni. Tun kafin azumin bara ban ce uffan a nan ba. Ba wayar ce ta lalace ba, gwiwa ce. Ashe in gwiwa ta kwanta, har baki take ja.

Bari in fara da kujerata, don saboda ita na je asibiti.

'Yar tsugunno ce, ta mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta. A kanta aka yi mini wankan farko, a kanta na wanke duk jikokina. Ki zauna, ki miƙe ƙafafu bisa baho, ki kwantar da jariri a kai, ruwan ɗumi na bin ƙaurinki. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane abin da nake kewa ba.

Ciwon da ƙara ya fara. In zan yi sujada sai in ji gwiwar dama tana ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen kara. Na ce sanyi ne. Na shafa man zafi, na shafa man kaɗanya, ba tafarnuwar da ban ci ba. Sai wata safiya na zame a bakin famfo, na zube a tsakar gida.

Ban karye ba. Amma daga ranar tsoro ya shige ni. Na koma sallah a zaune, na daina zuwa ko ƙofar gida. Biki, suna, gaisuwa, duk sai dai in aika.

Ana haka autata Rabi, wadda ke aure a Bosso, ta samu cikin fari, kuma gida za ta zo wanka. Ina kwance na jiyo yarana a tsakar gida suna shirya cewa ƙanwar babansu, Gwaggo Ladi ta Kpakungu, ita za ta riƙa wankan jariri, tunda Inna ta gama aiki.

Ladi fa. Matar da ke dirje jariri kamar mai wanke doya.

Ranar ko tuwo ban ci ba. Washegari ni da bakina na ce a kai ni asibiti.

Kati, layi, hoton ƙashi, sake layi. Hoto da magani ba su zo da sauƙi ba, yara ne suka haɗa kuɗin. Likita ya ɗaga hoton ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ne ya cinye, kuma ba ya tsirowa. Ya ce ba a kai ga aiki ba tukuna. Ya tura ni sashen gashin ƙashi, wajen wata yarinya 'yar kudancin Kaduna mai suna Rifkatu.

Rifkatu ta tambaye ni nisan da nake iya takawa. Na ce ko ƙofar gida ba na kaiwa. Ta tambaya ko ina iya tashi daga gajeriyar kujera. Na ce wannan tun kafin a yi auren uwarta nake yi.

Ta yi dariya, ta ɗauko agogo, ta ce mu taka a baranda. Muna tafe ina ba ta labarin Ladi da doyarta. Na je, na dawo, na sake zuwa, bakina bai huta ba, sai da ita ta ce ya isa. Daga nan ta kawo ɗan gajeren benci. Na zauna da isa. Tashi fa ya gagara. Na yunƙura, na kira sunan Allah, na kira na mahaifiyata. Sai da aka kama ni.

Ta durƙusa a gabana ta ce, "Mama, tafiyarki ta fi yadda kike tsoro. Tashinki kuma bai kai yadda kike cika baki ba."

A keke napep na yi kukana, na ce ƙura ce.

Watanni na yi ina motsa ƙafa yadda ta koya mini. Miƙewa, ɗagawa, tashi daga doguwar kujera, zagaya unguwa da safe. Na rage tuwo, wannan ita ce babbar jarrabawar. Tafiya ta dawo, har Bosso nake zuwa yanzu. Duk ranar awo kuwa sai na roƙi a kawo bencin nan, shi kuma bai taɓa sassauta mini ba.

Rabi ta sauka lafiya, namiji. Sabon maigidana, ko cefane bai fara ba ni ba sai kuka.

Ladi ta iso da sosonta. Na ce ta ajiye, ta zuba mini ruwa kawai. Na zauna a kujerar roba mai tsayi, aka tura baho ƙarƙashin ƙafafuna, sai ga ƙafafun suna lilo, ba inda zan ɗora su. Rabi ce ta shiga ɗaki ta fito da kujerar mahaifiyata, ta sa mini a ƙarƙashin dugadugai.

Aka miƙo mini shi. Ruwan ɗumi ya bi ƙaurina.

Ban warke ba, kada in yi muku ƙarya. Har yau goshina na kewar ƙasa, kuma na san ba zan sake zama a kan kujerar nan ba. Amma alhamdu lillahi. Na gode wa yarana, da Rifkatu, har da Ladi, ta iya sirka ruwa.

Tsofaffi 'yan'uwana, kada ku bar tsoro ya auna muku ƙafa, kada ku bar baki ya auna muku. Ku je a gwada ku, ku yi motsin da aka ce.

Na tafi, maigida ya farka, ruwa ya yi zafi.