Riƙon Fartanya

A unguwar Utaibiyya ta Makka muka tashi, cikin wani tsohon gida mai hawa biyu. Da an idar da magariba, kakata Hajiya Tabawa takan hau da mu saman soro, ta hura gawayi a kasko, ta ɗora shayi. Mu jikoki Larabci ya riga ya cinye mana baki, amma ba ta yarda a amsa mata tatsuniya da shi.

"Ga ta nan tafe gare ku," in ji ta.

Ni ne mai saurin cewa, "Yalla, Sitti," wato "Maza, Kaka" da Larabci.

Sai ta harare ni. "Ji mijin banza. Hausar ma ta gagare ka, da me za ka riƙe ni?"

Kakannin maƙwabta tatsuniyar kura da zomo suke yi. Ita kuwa tata ta wani maƙeri ce a ƙasar Turawa, mai 'ya'ya mata uku na ƙarfe. Ta fari baƙa ce, mai dogayen ƙafafu, ba rufi, ba ta tashi daga barci sai an zura mata ƙarfe a hanci an murɗa. Ta biyu ya yi mata rufi da tagogin gilashi, amma ita ma sai an murɗa. Autar ce ya ba wayo: direba ya taka wani ɗan maɓalli, ta tashi da kanta.

Baƙar ce ta fara isowa Makka. A lokacin akwai wani manomi da ya zo hajji a ƙafa tare da ƙaramar 'yarsa. Ya baro matarsa a gida da ciki, ya yi mata alkawarin komawa. Guzuri ya ƙare, sai ya sami aikin murɗa wa wani direba mota don ya haɗa na hanya. Direban ya gargaɗe shi kada ya zagaye ƙarfen da babban yatsa, domin injin yakan yi tutsu ya maido shi baya da ƙarfi. Manomi ya ce to. Amma hannun da ya girma a kan ƙotar fartanya ba ya jin magana. Wata safiya ya damƙi ƙarfen kamar zai yi noma, ƙarfen ya dawo ya karya masa wuyan hannu. Ɗorin ya kama a karkace, kuma kafin ya miƙe autar ta iso gari, ba mai neman mai murɗawa.

A nan kullum Sitti takan hau tona gawayi. Sannan ta ƙarasa da sauri: direba ya ji tausayinsu, ya ɗauke su a sabuwar mota har ƙofar gida, uwa ta fito da jariri a goye. Ba mu taɓa tambayar yadda mota ta ƙetare teku ba.

Ina da 'ya'yana a unguwar Rusaifa lokacin da Sitti ta kwanta ciwon ajali. Don in sa ta dariya na ce ta yi mini ta manomi. Ta daɗe tana kallona.

"Ba su koma ba, ya waladi, yarona. Cewa ya yi da wane hannu zai yi noma, da wane ido zai dubi matarsa. A nan aka binne shi. Yarinyar ni ce. Har yau ban sani ba ko ƙani aka haifa mini ko ƙanwa."

Na tambaye ta sunan garinsu. Ta lumshe ido, ta nema, ta nema. "Akwai rimi a bakin kasuwa," in ji ta. Iyakar abin da ya rage mata ke nan.

Da ina yaro na ɗauka darasin shi ne a riƙa jin gargaɗi. Yanzu na gane ba koya mana komai take yi ba. Mahaifinta take mayarwa gida, kowace yamma, ta hanya ɗaya da ta rage mata, mu kuma muna ta hamma muna jiran shayi. Abin yana yi mini ciwo har yau.

Duk lokacin hajji nakan je Aziziyya in tsaya inda motocin alhazan Najeriya suke sauke mutane. Ba kowa nake jira ba. Fuskokin tsofaffi nake bi ɗaya bayan ɗaya, ko zan ga mai kama da ita.