Malama Falmata, Wadda Ta Koya Mana Koyar da Manya

Ina tsaye a gaban allo a harabar jami'a wayata ta yi ta ruri a aljihu, har na ba ɗalibai haƙuri na fita baranda. Yagana ce, babbar 'yar Malama Falmata. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Kawu Sale, Mama ta cika. Bayan la'asar za a kai ta." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bar littattafaina a kan tebur na nufi tasha. Shingayen bincike suka cinye mini yinin, muna sauka muna hawa, kuma kafin motarmu ta wuce Damagum an riga an dawo daga maƙabarta. Ban sami sallarta ba.

Na san ana so mai ta'aziyya ya yi magana da sanyin murya. Zan yi ƙoƙari, amma ba zan ɓoye ba, raina a ɓace yake.

Ga wanda bai san ta ba, Malama Falmata ita ce ta riƙe cibiyar karatun manya da jami'armu ta buɗe a Potiskum, a wasu azuzuwan aro na wata makaranta. Iyayenta daga Barno suka zo fatauci suka zauna, a nan aka haife ta, kuma har ta rasu harshen Barebari bai bar Hausarta ba. Ɗaliban cibiyar ba yara ba ne. Malaman firamare ne, da ma'aikatan jinya, da akawun ƙananan hukumomi, da matan aure da suka ajiye karatu suka yi renon 'ya'ya. Ranar Asabar da Lahadi suke zuwa. Mu kuma malaman jami'a ana turo mu mu koyar da su, kuma ƙa'idarta ita ce babu wanda zai shiga aji sai ya zauna bitarta tukuna.

Ba na manta bitar da na fara halarta. Ta zaunar da mu a kan bencin ɗalibai, mu da manyan rigunanmu, gwiwoyinmu na gugar tebur. Ta shigo ta fara darasi da Barbarci, da sauri, ba ta kallon kowa. Can sai ta nuna wani daga cikinmu, Dakta Kabiru, ta jefa masa tambaya. Ya dube ta, bai gane ko kalma ɗaya ba. Ta maimaita da ƙarfi, ta girgiza kai, ta wuce kan na gaba. Da ta ga fuskoki sun fara canzawa sai ta ajiye alli ta koma Hausa.

Ta ce, "Wannan zafin da kuka ji a ƙirji, shi matar da ta taso da yaren Bolanci ko na Karekare za ta ji idan kuka sako mata Turanci kamar ruwan sama. Ku kun san wasa nake yi. Ita kuwa za ta koma gida ta ce ita ce ba ta da kai."

Daga nan ta shiga abin da ya tara mu. Kada mu kira su yara. Mu san sunan kowa da aikinsa kafin mu buɗe littafi. Kada mu tsaya muna karanto musu rubutu suna kwafa, domin mutumin da ya yi shekaru yana tafiyar da makaranta ko ɗakin haihuwa yana da abin faɗa a kan darasin. Takan ce, "Ka tambaye su kafin ka gaya musu." Takan kuma ce, "Wanda ke zaune a gabanka ya binne iyaye, ya aurar da 'ya'ya. Ba wurinka ya zo koyon girma ba." Kuma a shekarun nan da gari ya rikice, aka hana hawa babur, aka sa dokar hana fita, ta ƙara ƙa'idodi biyu: ba a rufe ƙofa ga wanda ya makara, kuma a tashi da sauran rana domin na nesa su isa gida.

Dakta Kabiru bai ji daɗin bitar ba, kuma bai ɓoye ba. Bayan 'yan makonni ina wucewa na ga wani dattijo tsaye a jikin tagar ajinsa, littafi a kan dakalin taga, yana rubutu daga waje. Malam Audu ne, hedimastan wata firamare a yankin Fika. Ya makara, an hana shi shiga. Cikin waɗanda ke zaune a ajin har da wata mata da shi ya koya mata baƙi da wasali tana ƙarama, ta sunkuyar da kai ta kasa kallon taga.

Malama ta zo ta gani. Ba ta ce wa Dakta komai a gaban ɗalibai ba. Ta yi sallama, ta shigar da Malam Audu, ta zauna kusa da shi har aka tashi. Sai a ofis ta yi magana, ina wurin.

Ta ce, "Dakta, ka tambaye shi abin da ya tsare shi?"

Ya ce, "Hajiya, doka doka ce. Nan jami'a ce, ba ajin yaƙi da jahilci ba."

Ta ce, "Tun asuba ya baro ƙauyensu a ƙafa, saboda ba babur, sai a bakin titi ya sami mota. A kowane shinge sai ya sauka ya ɗaga hannuwa sama ya taka. Ya iso, kai kuma ka kafa masa naka shingen."

Ya ce shi ba a turo shi renon tsofaffi ba.

Ta ce, "To ka koma ka gaya wa waɗanda suka turo ka. Amma muddin ina nan, ba za a sake tsayar da mai furfura a taga ba."

Haka take. Ba ta ɗaga murya, kuma ba ta janye magana.

Akwai Madam Grace, ma'aikaciyar jinya, 'yar kudu, wadda mijinta ya kwashe yara ya mayar gida ita ta tsaya ta ƙarasa karatu. A lokacin da 'yan bindiga ke bin mutane har gida suna kashewa, Malama ta lura matar tana firgita duk sa'ad da aka kira sunanta da ƙarfi, ga tagogin ajin suna kallon titi. Ta tara mu ta ce a daina kiran suna, kowane malami ya san mutanensa da ido. Ranar Lahadi kuwa ita da kanta take biyawa ta ɗauko ta a motarta, ta kuma mayar da ita. Da wasu suka ce mata tana jefa kanta cikin haɗari, cewa ta yi, "Ɗalibata ce. In ban ɗauko ta ba wa zai ɗauko ta?"

Yanzu ga abin da ya sa nake rubutu cikin fushi. Dakta Kabiru ya koma harabar jami'a, aka ba shi muƙami a ofishin da ke kula da irin waɗannan cibiyoyi. Abu na farko da aka soke shi ne bitar Malama. Aka ce mai digiri uku ba ya bukatar wata ta koya masa koyarwa. Aka fara turo sababbin malamai kai tsaye daga mota zuwa aji. Ba miyagu ba ne, ba wanda ya gaya musu su wa za su tarar. Wani ya yi dariyar yadda wata ungozoma ta furta wata kalma, aji ya ɗauka, matar ba ta sake dawowa ba. Wani ya sa jarrabawa da yamma lis, mutanen Fika da Damagum suka zaɓi tsira da ransu suka bar takarda. Wani ya ce wa magidanta su miƙe tsaye idan ya shigo. Benci ya fara zama wayam. Sai waɗanda suka jawo hakan suka duba suka ce ai ɗalibai sun ragu, ga kuma rashin tsaro, a rufe cibiyar. Mai son ƙarasawa ya riƙa zuwa harabar jami'a kowane mako.

Ban ce babu tsoro a Potiskum ba. Mun ji ƙarar da ta girgiza tagogi muna cikin aji, mun binne mutanen da muka sani. Waɗanda suka ɗauki bindiga a kan makarantu, Allah Ya isar mana. Amma su ba su taɓa cewa suna son ilimi ba. Waɗanda suka rufe cibiyar nan kuwa da sunan ilimi suke cin abinci, kuma ko ɗaya daga cikinsu bai tako a lokacin ya ga ajin da zai rufe ba. Malama ba ta ce a yi wasa da rayukan mutane ba. Ta nemi a raba ɗalibai ƙananan rukunai a wurare daban-daban, a taƙaita lokaci, a bar waɗanda suka kusa gamawa su gama. Ta tafi har ofishinsu a harabar jami'a da ƙafafunta a kumbure, lokacin ciwon ƙoda ya fara cin ta. Ni na raka ta. Muka zauna a benci a ƙofar ofis tun hantsi. Dakta Kabiru ya fito zai tafi sallar azahar, ya gan ta, bai ko rage tafiya ba. Ya ce, "Hajiya, mun ji, za mu duba." Ba a duba ba.

Ta dawo ta shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiyar gidanta. Duk Asabar ɗaliban da suka rage sukan zo, mu kaɗan da muka ci bitarta mukan zo mu koyar. Ta san ba ta da ikon yi musu jarrabawa ko ba su shaida. Ta ce kada dai kansu ya huce kafin a buɗe. Ba a buɗe ba. Madam Grace ta haɗa kayanta ta bi mijinta. Malam Audu ya yi ritaya da takardar da ya fara aiki da ita.

Ganina na ƙarshe da ita a asibiti ne. Ta rame, muryarta ta dushe. Na tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi, sannan ta ce, "Sale, mutanen nan fa zangon karatu ɗaya ya rage wa wasunsu. Kada ka gaji da zuwa ofishin nan." Na ce ba zan gaji ba.

Ranar sadakar uku sai ga motocin jami'a a ƙofar gida. Dakta Kabiru ne ya yi magana a madadin tawagar. Ya ce Malama uwa ce gare su, ya ce duk abin da ya sani na koyar da manya a wurinta ya koya, ya ce za a sa sunanta a wani ɗakin taro. Mutane suna ta cewa Allah Ya saka da alheri. Na dubi ɗalibanta da ke zaune a tabarmin baya, ba wanda ya ɗaga kai. Na yi shiru saboda gidan makoki ne, kuma saboda Alhaji Modu, mijinta, yana zaune yana karɓar gaisuwa. Amma nan ba gidan makoki ba ne, don haka zan faɗa. Ban ce ku kuka kashe ta ba, ajali ne, kuma kowa zai tarar da nasa. Abin da kuka kashe shi ne aikinta, tana raye tana kallo. Ba ta roƙe ku ɗakin taro ba. Ta roƙe ku ku bar ɗalibanta su rubuta jarrabawa, kuma kada a sake tura malami gaban dattawa ba a shirya shi ba. Waɗannan abubuwa biyu har yau suna hannunku, kuma ɗaliban suna nan da ransu, na san gidan kowannensu.

Ya Allah, baiwarKa Falmata ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, Ka karɓi duk harafin da aka koya ta dalilinta a matsayin sadaka mai gudana. Ka suturta ta kamar yadda ta suturta manya daga kunya. Ka ba Alhaji Modu haƙuri da dangana, Ka shirya Yagana da ƙannenta, Ka zama gatansu. Ka buɗe wa ɗalibanta hanya, Ka dawo wa garinmu da zaman lafiya. Ni kuwa, ya Allah, Ka ba ni ikon yafewa, domin har yanzu ban yafe ba. Amin.