Baba Huɗu a Kan Allo

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Malam Sa'idu makwancinsa. Aminina ne tun muna yara a unguwar Ɗan Iya, inda kakanninmu suka jingine sandar kiwo suka zauna. Na saba idan wannan lokaci ya zagayo in yi masa addu'a in yi shiru. Bana shirun ya gagara. 'Yarsa Asma'u ta dawo daga ƙasar Sin, inda ta yi shekaru tana koya wa 'yan jami'a Hausa, an kuma ba ta aikin koyarwa a wata sakandare a hanyar Zungur. Ta aiko cewa za ta zo ta ji shawarata kafin ta karɓa, tunda ni ne a madadin uba gare ta yanzu. Tun da saƙon ya iso ni nake neman hanyar hana ta, domin wannan hanyar mahaifinta ya bi, kuma na ga inda ta kusa kai shi.

Sa'idu ya daɗe yana koyar da Hausa a wata jami'a a Jamus. Na taɓa kai masa ziyara lokacin ina aiki a Faris. Ɗalibansa ba su cika benci biyu ba, manya ne, wasu har da furfura, kuma idan ya gama darasi sai su riƙa ƙwanƙwasa tebur da bayan yatsu, tafinsu ke nan. Yana da wani darasi da yake ji da shi. Sai ya rubuta "baba" sau huɗu a kan allo, ya nuna musu cewa muryar da aka ɗora wa kalmar ita ce ke raba ma'ana: ga baba mahaifi, ga baba 'yar'uwar uba, ga baba na rini, ga kuma baba, dandaƙaƙƙen bawan nan na zamanin da. Tsakanin na farko da na ƙarshe ba komai sai jan wasalin ƙarshe. Yakan sa ɗalibi ya kira mahaifinsa, Bature ya ja kalmar, shi kuwa ya riƙe baki ya ce, "Ash, ka dandaƙe tsohonka!" Aji ya tuntsire da dariya. Ni ma na yi.

Da tsufa ya kama mahaifiyarsa sai ya tattaro ya dawo Bauchi, ya haura arba'in, ya fara koyarwa kamar sabon shiga a wata makarantar jeka-ka-dawo kusa da Miri. Ya tarar da aji maƙil da yara, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga, sun zuba masa ido ba mai ko tari. Shirunsu ya dame shi. A zangon farko, don ya sake musu jiki, ya ciro darasin nan nasa. Ya tsayar da wani yaro mai suna Habu ya ce ya kira mahaifinsa. Yaro ya kira kamar yadda kowa ke kiran uba daga nesa, ya ja muryar. Sa'idu ya faɗi abin da ya saba faɗa. Yara suka yi dariya, ya dawo gida yana murna, wai yau ya samo kansu.

Abin da bai sani ba, mahaifin Habu manomi ne da ya daɗe bai samu haihuwa ba, kuma da yaron ya zo, 'yan gulma ba su bar gidan ya huta ba. Magana zarar bunu ce. Kafin la'asar labari ya gama Miri cewa sabon malamin da ya dawo daga Turai ya tsayar da Habu a gaban aji ya ce ubansa ba namiji ba ne.

Ina hutu a gida a lokacin, ni na kai Sa'idu makaranta washegari da safe a motata. Muka tarar da babura jere a bakin ƙofa, ga mutane tsaye, wasu da sanduna. Wata malamar lissafi, Madam Rifkatu, 'yar kudancin jiharmu, ta ja shi ta tura cikin ɗakin ajiye littattafai, ta tsaya a bakin ƙofar. Ana cikin hayaniya sai wata murya daga can baya ta ce, "Ai an ce har addini ya taɓa!" Na ga fushin taro a Khartum, na gan shi a Faris, amma ban taɓa jin tsoro kamar wannan safiya ba. Na san abin da wannan jimla ke iya yi a garinmu. Na ga fuskoki suna canjawa, har da na waɗanda kallo kawai ya kawo su.

Wani tsoho, yayan mahaifin Habu, shi ya ɗaga hannu. "Wa ya ji da kunnensa?" Ya juya wajen da muryar ta fito. "Kai mai maganar addini, matso in ga fuskarka." Ba wanda ya matso. Aka kira Habu, ya faɗi yadda aka yi yana kuka. Tsohon ya ce a fito da malamin.

Sa'idu ya fito, na ga yana shirin bayanin dogon wasali da gajere. Na damƙe hannun rigarsa, na raɗa masa da Fillanci cewa ya bar ilimi a aljihu. Ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban mahaifin Habu, manomin nan wanda da kaɗan ya girme shi, ya ce, "Baba, na yi kuskure, a yafe mini." Ban taɓa jin an datse kalmar nan gajeriya haka ba. Mutumin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ashe ka iya faɗinta daidai." Ya hau babur ɗinsa, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Sa'idu ya koyar har ya yi ritaya, amma bai ƙara ambaton iyayen ɗalibi a aji ba. Kowane misali sai ya juya shi a baki a zaurena tukuna, ya tambaye ni, "Wannan ba ta da ƙaya?" Mutumin da ya sa Jamusawa dariya ya zama malamin da ke auna kowace kalma kamar mai sayar da zinariya. Ya kuma roƙe ni kada 'ya'yansa su ji labarin.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. A wancan lokaci jita-jita da ƙafa take tafiya, shi ya sa tsoho ɗaya ya iya shan gabanta. Yanzu tana cikin aljihun kowane yaro. A ɗauki muryar malami, a yanke kai da gindi, a tura, kafin a fita hutun ƙarfe tara, mutanen da ba su san Habu ba, ba su san ubansa ba, sun yanke hukunci. In tsoho ya ce wa ya ji da kunnensa, hannu ɗari za su ɗaga waya. Kuma wanda ya daɗe a waje ya fi kowa shiga haɗari, don harshensa na gida ne amma ya manta inda miki yake a jikin mutane. Na lura da haka a kaina: a Larabci ko Faransanci ina taka-tsantsan saboda na san ni baƙo ne, a Hausa kuwa sai in saki baki.

Jiya Asma'u ta zo. Ta durƙusa ta gaishe ni, tana ta ba ni labarin ɗalibanta na Sin da yadda suke fama da ƙ da ɓ. Dariyarta irin ta ubanta ce kafin ya dawo daga Jamus. Na yi niyyar in ce mata ta nemi aikin ofis. Maimakon haka sai na saɓa wa aminina, na ba ta labarin duka, ban rage ko muryar nan ta baya ba. Da farko ta yi dariya, daga baya ta daina, ta tambaye ni:

"Baffa, bayan wannan ya koma ajin?"

"Ranar Litinin ya koma. Habu na zaune a gaba."

"Baba yana jin tsoro?"

"Har ya rasu."

Na auna abin da ya rage na Sa'idu. Ba littafi ya bari ba, ba gida mai bene ba. Ya bar ɗaruruwan mutane a garin nan da ke rubuta Hausa daidai, ya kuma bar wannan: tsoro na tare da shi kowace safiya, bai taɓa hana shi ɗaukar alli ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Asma'u ta gyara mayafinta ta ce, "To Baffa, a sa mini albarka, zan karɓa."

Na ɗora hannu a kanta. Tsoron yana nan tare da ni, amma na sa mata albarka.